Yadda Ake Shirya Busasshen Ice Kafin a Saka Shi Cikin Akwatin Kifin Ado

Guntun busasshen ice mai karkace-karkace yana sauya kamannin akwatin kifi gaba ɗaya. Kifi ya samu maɓoya, tsirran ruwa su samu abin kamawa, wanda ya shigo falo ya ga kamar gindin kogi aka yanko aka ajiye cikin gilashi. Sai dai ruwan akwati a kulle yake. A kogi, duk abin da ice ya saki ruwa mai gudu ne zai kwashe. A akwati mai lita 60 kuwa nan zai zauna, kifi su kwana su wuni a cikinsa.

Abubuwa biyu ne suka fi tayar wa sabon mai kiwo hankali: ruwa ya koma launin shayi, ko farin yauƙi ya lulluɓe icen. Duka biyun da wuya su kashe kifi. Abin da ke kashewa ido bai cika ganinsa ba, wato gubar ita kanta bishiyar, da maganin ƙwari ko man da icen ya sha kafin ya zo hannunka. Tafasa ba ta fitar da waɗannan yadda za a dogara da ita. Saboda haka rabin aikin yana wajen zaɓe, tun kafin a hura wuta.

Icen da ake saya

Mafi kwanciyar hankali shi ne icen da aka tanada musamman don akwatin kifi. Mopani daga kudancin Afirka yake zuwa, ƙasashe irin su Botswana, Namibiya da Zimbabuwe. Yana da nauyi, gefe guda fari-fari, ɗaya gefen baƙi-baƙi, yakan nutse tun ranar farko, amma yana rina ruwa sosai har na tsawon watanni. Icen Malesiya shi ma mai duhu ne, mai saurin nutsewa. Manzanita na yammacin Amurka siririn reshe ne mai kyan gani, ba ya rina ruwa da yawa, sai dai yakan yi makonni yana yawo a sama. Akwai saiwar da ake kira icen gizo-gizo saboda yawan ƙafafunta, ita ce gwanar fitar da farin yauƙi. Cholla kuwa ƙwarangwal ɗin wani tsiron hamada ne na Meziko da kudu maso yammacin Amurka, mai ramuka kamar raga. Ƙananan jatan lande na sonsa, amma cikin shekara ɗaya zuwa biyu yakan rududduge.

Ka tambayi mai shago ko icen na kifi ne ko na kejin ƙadangaru da macizai. Icen kurangar inabi, alal misali, na kejin ƙadangaru ne, a cikin ruwa ruɓewa yake yi da wuri. Duk icen da ke ƙyalli kamar an shafa masa banish, bar shi a kan kanta.

Icen da ka tsinto da kanka

Nan ne ake yawan yin asara. Ƙa'ida ta farko: in ba ka san bishiyar da icen ya fito ba, kada ka saka. Guntun da ya fi kowanne kyau a bakin rafi, in ba a san asalinsa ba, adon tebur ne.

Wasu bishiyoyin da muke zaune da su kullum ba su da wurin zama a akwatin kifi. Aduwa tana ɗauke da sinadari mai kumfa a ɓawonta da 'ya'yanta, wanda ke kashe kifi da dodon koɗi, har a wasu wurare masunta na amfani da ita wajen sumar da kifi. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ɗacin nan nata da ke korar ƙwari bai dace da ruwan da ke kulle ba. Tumfafiya da tinya da duk wani tsiro mai fitar da farin nono idan an karya, a nisance su. Gwaska guba ce tsagwaronta. Bishiyar turare mai ce da ita, kuma duk icen da ka kankara ka ji ƙamshi mai ƙarfi, ko ka ga ƙaro na tsattsafowa, to bai gama sakin abin da ke cikinsa ba. Cikin itatuwan gida, busasshen reshen gwaba na daga waɗanda masu kiwon kifin ado suka daɗe suna amfani da su, in dai an tabbata ba a yi wa bishiyar feshi ba.

Katakon kasuwa ma haka. Yawancinsa an shafa masa maganin gara ko baƙin mai, kuma ice yana shanye su har can ciki. Tsohon ƙyaure, ƙafar kujera, azara, katakon kwale-kwale da aka yi wa fenti ko kwalta, duk babu su a lissafi.

Sai wurin da aka tsinto shi. Kada ka ɗauko daga magudanar gari, ko ƙarƙashin gadar da ake wankin mota, ko gefen gonakin noman rani inda ruwan feshi ke gangarowa, ko kogin da ke karɓar ruwan masana'antu, irin sassan Kogin Challawa da ke kusa da masana'antun jima a Kano. Icen bakin teku, kamar na gaɓar Legas, ya ƙoshi da gishiri, sau da yawa har da man jirage, jiƙonsa kuma yakan ci watanni. Ka kuma kula da kanka: yawancin madatsun ruwa da kududdufai na yankinmu akwai dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ka sa takalmin ruwa da safar hannu ta roba, ko ka tsaya ga wanda ruwa ya janye ya bari a tudu.

Icen da ya dace ya mutu tuntuni, ya bushe ƙayau, ɓawonsa ya zube ko yana ɓantaruwa da kansa. Danna farcenka a jikinsa: in ya shige, icen ya fara ruɓa ko kuma mai taushi ne. In ka ƙwanƙwasa, ka ji ƙara tsaf kamar ta taɓarya. Ɗanyen reshe da aka sare kwanan nan yana cike da ruwa da zaƙi, a akwati sai ya yi tsami ya ɓata ruwan. Irinsa sai ya yi wata shida zuwa shekara yana bushewa. Inda za ka ajiye shi ma abin lura ne, kada ya zama ɗakin da ake fesa maganin sauro ko fiya-fiya, domin abin da bai kai ya dami mutum ba ya isa ya karkashe kifi.

Wanki da gyara

Kayan aiki ba su da yawa: burushi mai tauri sabo, wuƙa ko kurfi, samfefa, tsohuwar tukunya babba, da baho ko bokitin roba wanda bai taɓa ganin sabulu ko omo ba.

Fara da auna icen da akwatin. In yana buƙatar yanka, yanzu ne lokacinsa, ka kuma shirya yadda yankakken gefen zai ɓuya cikin yashi ko ya juya baya. Ɓare duk sauran ɓawo, domin shi ke fara ruɓewa, kuma a ƙarƙashinsa ƙwari ke ɓuya. Kankare duk wuri mai laushi har ka tarar da mai ƙarfi. Leƙa ramuka da tocila, ka zaƙulo ƙasa da gidan ƙwari. In akwai tsohuwar ƙusa ko waya, cire ta. Daga nan ka goge da burushi da ruwa zalla. Ban da sabulu, ban da omo, ban da bilic. Wasu na amfani da bilic da aka tsarma sosai, amma ice kamar soso yake, yana sha ya riƙa saki a hankali, kuma tafasa ta wadatar wajen kashe ƙwayoyin cuta.

Sannan ka bi tsini da kaifi da samfefa. Ga gwaji mai sauƙi: ja siririn mayafi ko safar mata a kan icen. Duk inda ya maƙale, nan ne wutsiyar kifi mai baza irin betta za ta yage, ko kifin zinariya mai fitattun idanu ya ji ciwo. Ramin da kan kifi zai shiga amma jikinsa ba zai wuce ba, ko dai ka faɗaɗa shi ko ka toshe da guntun soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan akwati.

Tafasa da jiƙo

Saka icen a tukunya, ruwa ya sha kansa, ya tafasa awa ɗaya zuwa biyu. In bai shige duka ba, tafasa gefe ɗaya, ka juya ɗaya gefen, kowanne ya samu cikakken lokacinsa. Ruwan zai yi baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta. Zubar, zuba sabo, maimaita sau biyu ko uku in mopani ne ko icen Malesiya. Cholla da sauran marasa ƙwari minti 20 zuwa 30 ya ishe su, yawan dahuwa na saurin rugurguza su. Tukunyar za ta rine, don haka kada ka ɗauko ta girkin gida, sai dai in kana neman magana da uwargida.

Tafasa na yin aiki uku: tana kashe ƙwan dodon koɗi, matsattsaku, 'ya'yan mazari masu cin ƙananan kifi da sauran ƙwayoyin cuta, tana fitar da rini da sauri, tana kuma korar iskar da ke cikin icen don ya yi saurin nutsewa. Babban kututture da ba ya shiga tukunya, a shanya shi a rana mai zafi na mako biyu ana juyawa, sannan a sa shi a baho a riƙa kwara masa tafasasshen ruwa ta kowane gefe, sau da yawa. Rabin duro ma yana yi, muddin bai taɓa ɗaukar mai ko sinadari ba. Kada a sa ice a murhun gashi, gobara ce ake nema.

Bayan ya huce sai jiƙo. Nutsar da shi cikin baho, ka danne da dutse, ka rufe saboda sauro. A makon farko ka sauya ruwa kullum, bayan nan duk kwana biyu ko uku. Icen shago mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Wanda aka tsinto a ba shi mako huɗu ko fiye.

Bahon nan shi ne wurin gwajinka, don haka duk ranar sauya ruwa ka duba abu huɗu. Shinshina: ƙamshin ƙasa ko na jiƙaƙƙen ice daidai ne, warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na fetur kuwa hukunci ne, a jefar. Dubi saman ruwan a cikin haske, in ka ga maiƙo mai launin bakan gizo, icen ya sha mai. Ɗebi ruwan a kwalba ka girgiza da ƙarfi: kumfar da ta tashi ta ƙi kwanciya bayan wasu mintuna alama ce ta irin sinadarin aduwa. Sannan ka sake danna farce, domin wani icen sai ya sha ruwa ruɓarsa ke bayyana.

Rinin nan mai kama da shayi

Sunansa tanin, kuma shi ne dai abin da majema ke nema a cikin bagaruwa. A ƙaramin adadi ba ya cutar da kifi. Akwai ma kifayen da asalin ruwansu ke nan. Kogin Rio Negro na Brazil baƙi ne wuluk saboda ruɓaɓɓun ganyaye, pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, yakan sauka ƙasa da 5, kuma daga can kifin cardinal tetra yake. Discus, angelfish, neon tetra da betta duk suna sakewa a ruwa mai ɗan rini, launinsu ma ya fi fitowa.

Inda ake kula shi ne tanin na ɗan ƙara wa ruwa tsami, wato yana saukar da pH. Yawan saukar ya danganta da ƙarfin ruwanka na tare tsami, abin da kayan gwaji ke kira KH. In KH ya kai 4 zuwa sama, da kyar za ka ga bambanci. In yana ƙasa da 3, kamar ruwan sama ko ruwan da aka tace ƙwarai, babban mopani zai iya jan pH ƙasa cikin kwanaki. Ruwan rijiyar burtsatse kuwa ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa, sai an auna. Saurin sauyawar pH ya fi lambar kanta illa ga kifi.

Masu kiwon kifayen Tabkin Malawi, inda pH ke kusan 8, ko na Tabkin Tanganyika da ya kusa 9, gara su yi ado da duwatsu. Kifin molly da guppy ma sun fi son ruwa mai ɗan nauyi, wato mai yawan ma'adinai, guntu ƙarami da aka jiƙa sosai ya wadatar. A ɗaya ɓangaren, kifin shara na dangin Panaque yana gurgurar ice ne a matsayin abinci, shi ma Ancistrus mai gemu yana son ya samu abin gurgura, akwatinsu bai kamata ya rasa ice ba.

In ba ka son launin, saka gawayin tacewa na musamman a cikin matatar ruwa, ka sauya shi duk mako uku zuwa huɗu, tare da sauya kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan kowane mako. Gawayin girki ba ya wannan aiki.

In ya ƙi nutsewa

Wani icen yakan yi wata biyu yana taurin kai. Hanya mafi ƙarfi ita ce a samu faffaɗan dutse ko guntun tayil marar fenti, a huda shi, a ɗaure icen a kai da sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa, sannan a binne dutsen cikin yashi. Ƙusar kafinta tana tsatsa. Tagulla kuma, ko waya ko sukuru, tana kashe jatan lande da dodon koɗi. Wanda ba shi da abin huji ya ɗaure da zaren fatsa ko igiyar roba mai kulle kanta. Sufagulu mai kauri yana riƙe ƙananan rassa, kuma ba shi da illa in ya bushe. Gam ɗin silikon kuwa sai wanda aka yi don akwatin kifi, domin na banɗaki yawanci akwai maganin fumfuna a ciki. A ba shi awa 48 ya bushe sarai.

Dutsen ma a gwada shi. Ɗiga masa ruwan khal, in ya yi ƙananan kumfa to dutsen farar ƙasa ne, zai ɗaga pH. A wanke duwatsu da burushi kawai, kada a tafasa su, suna iya fashewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora dutse kawai a kan icen a cikin akwati. Ranar da kifi ya ture shi ko icen ya zame, dutse ya faɗa kan gilashi, ice ya taso ya doki fitila.

Sakawa da makonnin farko

Kashe matatar ruwa da na'urar ɗumama ruwa in kana da ita. Rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan, domin icen zai ɗaga shi. Zaunar da icen har ya taɓa ƙasan akwatin sannan ka turo yashi kewaye, in ba haka ba kifi mai tono zai ƙwaƙule ƙarƙashinsa ya kife. Girgiza shi da yatsa, in ya motsa sake zama. Bar tazarar santimita 4 zuwa 5 tsakaninsa da gilashi don hannu da abin goge gilashi su wuce, kada kuma ya tare bakin matatar ruwa. Ya fi kyan gani in an ɗan kauce wa tsakiya. Cika da ruwan da aka cire wa kulorin in na famfo ne.

Ka tuna ruwan ya ragu. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ci in babu komai a ciki. Da yashi da babban ice zai iya komawa lita 45. Da wannan adadin za ka riƙa auna magani.

Auna pH kafin sakawa, sannan kullum na mako guda. In akwai kayan gwajin amoniya da naitirait, gubobin da ke samuwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen datti, su ma a duba, dukansu su tsaya a sifili. Ice ɗaya za ka saka a lokaci guda, kada kuma ka kawo sababbin kifi a makon, don in matsala ta taso ka san mai laifi.

Cikin kwana uku zuwa goma farin yauƙi kamar majina zai iya bayyana. Ƙananan halittu ne ke cin sauran zaƙin da ke jikin icen, in abincin ya ƙare su ɓace, yawanci cikin mako biyu zuwa shida. Dodon koɗi da jatan lande na cinye shi. In ya dame ka, zuƙe da siririn tiyo lokacin sauya ruwa, ko ka fito da icen ka goge. Zai dawo sau ɗaya ko biyu. Abin lura ɗaya ne a nan, kuma ya shafe mu sosai: waɗannan halittu suna shan iskar da kifi ke shaƙa. Ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne kawai. In aka haɗa zafin bazara, da sabon ice mai yauƙi, da ɗauke wuta cikin dare matatar ruwa ta tsaya, da asuba za a tarar da kifi sun taru a sama suna haki. Ƙaramin famfon iska mai batir yana maganin wannan. In babu, a jinkirta saka babban ice har zafi ya sauka.

In kuwa da wuta da iska amma kifi na haki, ko suna zabura, ko sun kwanta a ƙasa sun tsuke fika-fikai cikin awoyi kaɗan da saka icen, kada ka tsaya bincike. Fitar da shi, sauya rabin ruwan, saka sabon gawayin tacewa, washegari ka sake sauya rabi. Wannan icen kada ya koma.

Tsirrai da kulawar yau da gobe

Tsiron ruwa na Anubias, wanda asalinsa daga rafukan dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, yana kama ice da saiwarsa. Tsirran Bolbitis da Java fern ma haka suke kama ice. A ɗaura su da zaren ɗinki ko ɗigon sufagulu. Kaurin jijiyar da ganye ke fitowa daga gare ta a bar ta a fili, in an binne ta ko an shafe ta da gam ruɓewa take yi. Bayan wata ɗaya zuwa biyu saiwa ta kama, sai a yanke zaren.

Datti na taruwa a ƙarƙashin ice fiye da ko'ina, don haka duk sauyin ruwa ka zura tiyo nan. Baƙar gansakuka mai kama da gemu tana son ice, musamman in fitila na wuce awa 8 a kunne. Fito da icen, fesa wa wurin haidurojin ferokside mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 da ake samu a kemis, bar shi minti 5 zuwa 10, ɗauraye sosai ka mayar. Cikin 'yan kwanaki za ta yi ja-ja ta mutu. In kifi ya kamu da ciwo, a yi masa magani a wani akwati dabam, domin ice na shan magani mai launi da mai tagulla, ya riƙa sakinsa bayan an gama.

Duk wata biyu ko uku ka danna farce a gindin icen, wajen da ke binne cikin yashi. In saman ne kawai ya yi laushi, kankare ka mayar. In yatsa ya shige, ko baƙin ruwa mai warin ƙwai ya fito, cire shi a hankali bayan ka rage ruwa, ka zuƙe yashin wurin, sannan ka sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan akwatin.